Kunyar Sakinatu

Ranar da Malami ya dawo Bagudo, shekara biyu bayan an sauke tutar Ingila, motar da ta kawo shi ba ta samu shiga gari ba. Mutane sun tare hanya tun daga bakin kasuwa. Makaɗa suna ta fama, mata suna guɗa, wani tsoho ya ƙwace akwatinsa ya ce shi zai kai gida ko da ƙugunsa zai karye. Malami yana tafe cikin kwat, gumi na zuba, bakinsa ya ƙi rufuwa. Yana ɗan shekara tara aka ɗauke shi zuwa makarantar boko. Daga Birnin Kebbi sai Sakkwato, sai Zariya, sai Ibadan, sai Abekuta, har Ingila. Zuwansa gida a tsakani bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Yanzu ga shi likita, kuma ba na ciki ko na ƙashi ba, likitan masu taɓin hankali. An ba shi hutun mako uku kafin ya kama aiki a Kaduna.

"An ba mu mulkin kai, ga kuma likitan kai!" in ji Ɗanmusa wanzami, wanda ya yi masa askin suna. "Jama'a, saura mi?"

Iyayensa sun rasu tun yana Zariya. Yayarsa Batulu ce ke riƙe da gidan. Ta tare shi a tsakar gida, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Auta, ba su ba ka abinci can? Taho ka ga angona kafin ka zauna."

Angon nata jikanta ne, ɗan kwana ashirin da huɗu. 'Yarta Sakinatu ta zo wankan gida, haihuwar fari. Mijinta Gidaɗo makiyayi ne a ƙetaren Kwara. In an yi arba'in zai zo ya ɗauke ta, su bi shanu zuwa cikin Dahome, sai kuma damina.

Ɗakin jego ya cika da hayaƙi da ƙanshin ganyen wanka. Mata biyar na maƙwabta sun biyo su don su ga likita. Sakinatu tana zaune a bakin gado, fuskarta wajen bango, hannuwanta a kan cinya. Ta gaida kawunta da murya ƙasa-ƙasa.

"Sannu da arziki, Sakinatu," in ji Malami. "Me sunan yaron?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Wata ta riƙe ciki, wata ta fita waje don ta ƙarasa tata.

"Wayyo ni, Bature!" in ji Batulu tana share ƙwalla. "Uwa kaka tambaya sunan ɗan fari? A gaban mutane? Abu sunanshi. Ni za ka tambaya, ni ce matarshi."

Kunya ta kama Malami. Ya sani, mantawa ya yi. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban jama'a, ba ta yi masa wasa. A gidansu, inda jinin Fulani yake da kauri, abin ya fi tsanani. Don ya ɓoye kunyarsa sai ya miƙa hannu ya karɓi yaron.

Nan hankalinsa ya tashi. Yaron ba nauyi, kamar an naɗe kaza a zane. Leɓɓansa sun bushe, maɗigarsa ta faɗa. Da ya yi kuka, kukan bai kai bakin ƙofa ba.

"Adda, yana shan nono?"

"Sai mun yi da gaske. Sai na ɗora mata shi na riƙe. Kunya, Auta! Tun da nike ban ga mai kunyar ɗiyata ba. Ko ido ba ta ɗagawa. Garin ga duka ana zancenta, har Zagga anka ji. Maɗigar kuwa Ɗanmusa ya ba da na shafawa."

"Ɗiyar gidan girma ke nan," in ji wata maƙwabciya.

Tambaya ta zo bakin Malami. Ya ga matan suna kallonsa, dariya na jira a bakinsu. Ya tuna kuma yadda ya sha musu a Ingila da malaman da ke kiran kowace al'adar baƙar fata cuta. Ba zai zo gida ranar farko ya zama ɗaya daga cikinsu ba. Ya haɗiye tambayar. Ya ce a yawaita sa yaron a nono, a riƙa ba shi tafasasshen ruwa da cokali. Ya fita.

Washegari tun da hantsi zauren gidan ya cika. Aka fitar da tabarmi ƙarƙashin tsamiya, nan ma ya cika. Manoma sun bar yankan gero, wasu sun taso daga Matsinkai a ƙasa. Ba marasa lafiya suka kawo ba. Tambayoyi suka kawo, waɗanda suka daɗe da su ba wanda za su yi wa. Malami ya tuɓe kwat, ya sa rigar da Batulu ta ɗinka masa, ya zauna a kan turmi. Bai taɓa jin daɗin karatunsa irin na ranar ba.

Ɗanmusa ne ya buɗe fage. "Likita, shekara nawa ka yi kana karatun hauka?"

"Shida ina koyon jikin mutum, Baba. Uku ina koyon hankalinsa."

"Tara! Ni kwana arba'in na yi gaban ubana na iya ƙaho. Ashe daƙiƙi munka aika."

Aka yi shewa. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Gaskiya ne yawan karatu shina taɓa kai?"

"Da yana taɓawa da a ɗaure da mari aka kawo ni."

"Ai ba mu gama dubawa ba tukuna," in ji Ɗanmusa.

Wani manomi mai suna Maliki ya matso. Ƙaninsa yana da farfaɗiya, kuma in ta kayar da shi kowa gudu yake yi, don an ce wanda miyau ya taɓa ya ɗauka.

"Ba a ɗauka," in ji Malami. Ya ɗaga hannuwansa. "Waɗannan sun share bakin mutum fiye da ɗari. In ya faɗi, ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantar da shi ta gefe. Kada ku cusa masa komai a baki. Akwai ƙwayar da ke rage faɗuwar. Kuma farfaɗiya ba hauka ba ce."

Ladanin masallaci ya gyara zama. "To aljanu fa? Ko Turawa sun ce babu?"

"Allah gafarta malam, ba a ba ni abin auna aljani ba. Abin da na iya shi ne in ga mutum ya daina barci, ya daina ci, yana jin muryar da ba wanda ya yi. In na ba shi magani, sau da yawa muryar takan yi shiru. Ku yi masa addu'a, ku kuma kawo shi. Ban taɓa ganin addu'a da ƙwaya sun yi faɗa a cikin mutum ba."

"Mari fa?"

"Ƙafa kuke ɗaurewa, ciwon kuwa ba a ƙafa yake ba. Inda na yi aiki a Abekuta, ba ma kulle yawancinsu. A gidajen ƙauye suke sauka, kowa da uwarsa ko matarsa. Da safe su zo asibiti, da rana su je kasuwa. Sun fi saurin warkewa."

"Ana warkewa ke nan?" Wata tsohuwa ce ta tambaya daga bayan zana.

"Da yawa, Inna. Wasu sarai. Wasu sai sun riƙe magani. Wasu ban iya ba."

Haka aka yi kwana uku, ana tambaya yana amsawa. Ana gadon hauka ne? Wani lokaci yakan bi jini, kamar tsawo, amma ba dole ba. Sabon wata yana tayar da shi? Bai gani ba. Mai yawan fushi mahaukaci ne? Da haka ne da rabin Bagudo na asibiti. Kullum Malami yakan tashi murya a dishe, rai fari ƙal. Kullum kuma kafin magariba yakan leƙa ɗakin jego ya ɗaga Abu. Ruwan cokali ya ɗan jiƙa leɓɓan, amma yaron ƙara sauƙi yake yi a hannu. Malami yakan dubi uwar, ya ga ƙeyarta, ya ce wa kansa kunya ce. Yana fita sai hayaniyar zaure ta rufe abin.

Rana ta huɗu kasuwar Lolo take ci. 'Yan can sun aiko cewa su ma suna da tambayoyi, har mutanen Dahome za su zo. Sambo mai jirgi ya ƙetare da shi Kwara da sassafe, ruwa ya cika maƙil, yana tuƙi yana ba fasinjoji labarin cewa likitan nan yana iya leƙa kan mutum ta kunne.

Lolo ta cika ta batse. Bandar kifi jibgi-jibgi, gishiri, albasa, atamfofin ƙasar Faransa, Dendawa da Zabarmawa da Yarbawa kowa na ciniki da harshensa. Aka kewaye Malami a gindin wata ɗorawa. Ya amsa da Hausa, wani ya juya da Dendanci, dariya takan zo sau biyu. Da rana ta take, maƙogwaronsa ya bushe, ya zame ya nufi layin masu fura.

Wadda ya tsaya gabanta wata Bafillatana ce matashiya, ana kiranta Barira, da goyo a baya. Ta gane shi.

"Likitan mahaukata! Zauna in dama maka, ko kai ma ka samu sauƙi."

Malami ya tsuguna. Ya ga goyon, ya ga yadda sauran matan ke murmushi, ya ce bari ya gwada ko ya koyi darasi. "Wannan ɗan waye kika sato?"

"Wa? Wanga?" Barira ta taɓe baki, ko waiwaye ba ta yi ba. "Tsintarshi na yi bakin hanya. In ka san mai shi ka kai mishi. Mummuna, kai kamar tulu."

"Ɗan fari ne, Likita," in ji ta kusa da ita. "Ko sunanshi ba ta sani ba."

"Ina ruwana da sunan ɗan mutane?"

Ana cikin dariya yaron ya motsa, ya ɗan yi ƙorafi. Barira ba ta fasa zagi ba, hannunta na dama bai fasa dama fura ba. Amma na hagu ya zagaya baya da kansa. Ya bubbuga ɗuwawun yaron, ya gyara zanen, ya lalubo 'yar ƙafa ya riƙe, babban yatsa yana shafa tafin. Yaron ya yi shiru. Fuskarta na kallon kasuwa kamar ba ita ba.

Malami ya ƙura wa hannun ido.

Watanninsa uku na farko a Abekuta, wata tsohuwar nas ba ta bar shi ya taɓa akwatin magani ba. Benci ta ba shi a farfajiya, ta ce ya zauna ya yi kallo. Ya ji haushi, shi da takardar likita. Ta ce masa, "Dokta, an koya wa baki abin da zai faɗa. Ba wanda ya koya wa hannu. Hannu za ka duba."

Kwana huɗu yana shiga ɗakin Sakinatu. Kwana huɗu hannuwanta na kan cinya, tafi sama, kamar kifin da aka shanya. Abu ya yi kuka a gabanta ya fi sau goma. Ko yatsa bai motsa ba.

Ya miƙe har ya kusa kifar da ƙwaryar.

"Furarka fa?" in ji Barira.

"Allah ya raya ɗan mutane!" Ya riga ya yi gaba. Ya ratsa masu albasa da gudu, babbar riga na tashi, jama'a na cewa ga shi nan, abin ya motsa. Ya iske Sambo yana cin rogo a bakin ruwa.

"Likita, kasuwa ko rabi ba ta yi ba!"

"Kwance jirgin. Ba ni filafili ɗaya in taya ka."

Ana kiran la'asar ya shiga gida. Batulu tana hura wutar ruwan wanka. Ya ja ta bayan rumbu.

"Adda, Sakinatu ba ta da lafiya. Ba kunya ba ce."

Batulu ta saki icen da ke hannunta. "Mi kac ce?"

"Ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Na gan shi a Yarbawa, na gan shi a Turawa. Ranar da na zo ya kamata in gane, dariyarku ta tsorata ni."

"Ka rasa wanda za ka gwada karatunka kanshi sai ɗiyata? Kana so a ce Sakinatu ta taɓu? Wa za shi riƙe ta? Abin da gari duka ke yabo shi kaka kira ciwo? Auta, in ba ka san gida ba ka yi shiru."

"Tambaya ɗaya, Adda. Hassan ne ɗanki na fari. A gaban mutane ba ki kallonsa, na sani. In kowa ya fita, ke da shi kaɗai a ɗaki, me kike yi?"

"Ba a tambayar wagga."

"Shi ya sa ba wanda ya gani. Me kike yi?"

Batulu ta kau da kai. Da ta yi magana, muryarta ta sauka. "Shinshinar kanshi nikan yi. Har ƙafarshi nikan ciza."

"Kin taɓa kama Sakinatu tana yi?"

"Wa ka leƙen mai jego? In an bar ta da ɗanta kau da ido akan yi."

"Yau mu leƙa."

Batulu ba ta so ba, amma ta yi. Ta kwantar da Abu a kan gado dab da uwarsa, ta ce za ta maƙwabta aron turmi, ta kori kowa, ta saki asabari. Sannan ta zagaya ta tsaya inda asabarin ya yage, Malami a bayanta.

Abu ya fara kukansa na ƙarfin hali. Sakinatu ta juyo ta dube shi. Ba kowa a ɗakin, ba wanda za ta ji wa kunya. Ta dube shi kamar yadda ake duban tukunyar wani. Hannuwanta ba su tashi ba. Yaron ya yi kuka har ya gaji. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba, ba ta kuma taɓa shi ba.

Batulu ta dafe bango. "Innalillahi. Ni ina ta yabo."

Malami ya yi sallama ya shiga. Ya miƙa wa Batulu yaron, ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna, ba gaban Sakinatu ba, gefenta, yadda ba sai sun haɗa ido ba.

"Sakinatu, yaushe rabonki da barci?"

Ya jira. Jira na cikin abin da aka koya masa.

"Tun suna, Kawu."

"Abinci fa?"

"Kamar ƙasa."

"In kin dubi yaron me kike ji?"

"Ba ni jin komi. Kowa na cewa kunya. Ni na san ba ita ba ce. Wace irin uwa ce ba ta jin komi? Nonona ma ba shi da albarka, in ya sha cutar da shi zan yi. Gara a ba wata."

"Kin taɓa tunanin gara ba ki duniya?"

Batulu ta yi salati daga bakin ƙofa. Malami ya ɗaga mata hannu.

"In na ga rijiya," in ji Sakinatu a hankali.

"To ji nan. Ba muguwa ba ce ke, ba kuma wanda ya yi miki asiri. Ciwo ne, kamar zazzaɓi, sai dai shi zuciya yake kwantarwa. Na yi jinyar mata irinki sun fi arba'in. Abin da kika faɗa yanzu, haka suka faɗa, har maganar nonon. Mafi yawansu na gan su sun tafi gida da 'ya'yansu a baya. Ba yau za ki ji sauƙi ba, ba gobe ba. Mako biyu ko uku. Kin yarda ki jira?"

Karon farko ta juyo ta dube shi. "Akwai wasu?"

"Da yawa. Su ma kowacce ta zaci ita kaɗai ce."

Kafin magariba gidan ya juye. Malami yana ba da umarni kamar a asibiti, Batulu tana aikatawa da ninki. Aka rufe rijiya da faifan ƙarfe aka ɗora dutse. Aka tsara cewa ba za a bar Sakinatu ita kaɗai ba ko na ɗan lokaci. Ya buɗe akwatinsa ya fito da wasu sababbin ƙwayoyi da ya zo da su daga Ingila, ya damƙa wa Batulu, ya ce a hannunta za su zauna, ita za ta riƙa bayarwa. Saura ciyar da Abu. Matar Hassan, Rahmatu, tana goyon 'ya mace wata uku, nono har yana zuba.

"In ya sha nonon Rahmatu sun zama wa da ƙanwa," in ji Batulu. "Ni da na riga na haɗa su aure tun ranar suna!"

"Adda, sai ango ya rayu ake ɗaurin aure."

"Zo ki karɓe shi, Rahmatu. Allah ya ba shi wata."

Abu ya kama nono kamar mai ramuwa. Duk gidan aka tsaya ana kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka.

Ga maƙwabta Batulu ta ce jego ne ya kama 'yarta da ƙarfi, sai an ƙara mata kwanaki. Ba wanda ya yi mamaki. Malami ya rubuta takarda zuwa Kaduna ya ba direban mota, yana neman ƙarin mako biyu. Zaman tsamiya ya ci gaba, sai dai yanzu yakan ƙare da tambaya tasa: a gidajenku, wa ke duban mai jego in kowa ya fita?

Wanda yake tsoro shi ne Gidaɗo. Ranar arba'in ya iso, dogo, sanda a kafaɗa, ya tsaya a zaure don ba ya shiga gaban surukarsa. Malami ya yi niyyar ya lulluɓe maganar, sai ya ga lulluɓi ne ya kawo su nan. Ya faɗa masa komai. Matarsa ba za ta bi shanu bana ba.

Gidaɗo ya saurara yana zane ƙasa da sanda.

"Kawu, ta ƙi ɗan ke nan?"

"Ba ƙi ba ne. Ciwo ne ya shiga tsakaninsu."

"Karsana ma takan yi haka a haihuwar fari. Ta dubi maraƙin kamar ba nata ba. Ba mu sayar da ita. Mukan shafa wa maraƙin gishiri, mu ajiye shi kusa da ita, mu jira. Wata kwana biyu, wata goma." Ya ɗago. "Shekara nawa anka ce ka yi kana karatun ga?"

"Tara."

"Da ka zo ruga."

Malami ya yi dariya har ya buga ƙafa. Gidaɗo ya bar ƙwaryar man shanu da tunkiya ɗaya, ya ce zai riƙa ƙetarowa ranar kasuwar Lolo.

Sauƙin bai zo a jere ba. Barci ya fara dawowa. Sannan wata safiya ta nemi ɗumame. Kwana biyu bayan haka ta koma kallon bango, Batulu ta ce maganin Turawa ya ƙare aiki, Malami ya ce a ci gaba. Kullum da hantsi akan ajiye Abu kusa da ita bayan ya ƙoshi, ba a ce ta ɗauka ba. Yaron ya fara kumatu, maɗigarsa ta cika, kukansa yana kaiwa zaure har Ɗanmusa ya ce na shafawarsa ne ya yi aiki.

Ana jibi zai tafi, Malami ya shigo tsakar gida da hantsi neman ruwan sha. Batulu tana bakin murhu, Rahmatu tana daka. Iska ta ɗaga asabarin ɗakin jego. Ya hango Sakinatu ta ɗora Abu a kan gwiwa, hancinta a cikin gashin kansa, hannunta ɗaya riƙe da 'yar ƙafarsa. Tana yi masa wata magana da ba a ji.

Takalminsa ya taka ƙwarya. Ta ɗago, suka haɗa ido.

Kafin ya ƙifta ta dire yaron a kan gado, ta juya fuska bango, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Inna!" ta kira, murya a sama. "Ku zo ku ɗauke ɗan mutanen ga, ya dame ni."

Batulu ta taso da sauri, fuska a tsorace, ta dubi ƙaninta. Malami ya nuna mata da haɓa. Abu ya fara ƙorafi, kuma daga ƙarƙashin mayafin hannu ya fito, ya lallaɓa ta baya, yana bubbuga shi.

Batulu ta toshe bakinta da zane don kada guɗa ta kuɓuce.

"Mi ka gani, Auta?" ta tambaya da raɗa.

"Ni? Ban ga komai ba," in ji Malami. Ya juya wa ɗakin baya, ya ɗauki moɗa, ya nufi randa.